Tambayoyi da Amsoshi a Kan Ganin Ƙwararru ga Matan da Gajiya da Damuwa Suka Yi wa Katutu

Akwai matan da ba a kwance suke ba, ba su daina fita aiki ba, ba su kuma fasa ɗora tukunya ba, amma an daɗe rabonsu da su tashi da safe su ji jikinsu garau. Idan aka gaishe su aka ce ina gajiya, sai su ce ba gajiya, kamar yadda aka saba, alhali kuwa gajiyar ta riga ta zauna musu a jiki da zuciya. Tambayoyin da ke biye su ne irin waɗanda matan nan da danginsu kan yi idan aka ba su shawarar su ga ƙwararre a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa. Amsoshin bayani ne na gaba ɗaya, kuma ba za su ɗauke wa kowa zuwa ganin likita ba.

Mene ne bambancin gajiya ta yau da kullum da wadda ake cewa ta cinye ƙarfin mutum?

Gajiya ta yau da kullum maganinta sananne ne, domin da an yi barci an huta kwana ɗaya ko biyu jiki zai dawo daidai. Wadda ake magana a kanta a nan barci ba ya kawar da ita. Mace za ta kwanta ta tashi kamar ba ta runtsa ba, hutun ƙarshen mako ya zo ya wuce bai rage mata komai ba. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin wannan hali a cikin kundinta na rarrabe cututtuka, bugu na 11, inda ta ce abu ne da ke faruwa idan matsin wurin aiki ya daɗe ba a shawo kansa ba. Ta ce ana gane shi da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin har mutum ya koma jin haushinsa, sannan ƙwazo ya ragu. Hukumar ba ta lasafta shi cikin cututtuka ba, ta ɗauke shi ne a matsayin hali da ke shafar lafiya, wanda kan kai mutum gaban likita.

Tun a shekarar 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a birnin New York, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kan yadda ya ga masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta suna zuwa da himma, bayan wani lokaci kuma su yi sanyi, su zama masu saurin fushi. Daga baya Christina Maslach da abokiyar aikinta Susan Jackson suka tsara ma'aunin da ake gwada halin da shi a 1981.

Cikin alamu ukun da hukumar ta ambata, ta biyun ce ta fi tayar wa mata hankali, kuma ita ce ba sa faɗa wa kowa. Nas ɗin da tausayi ya kai ta aikin jinya sai ta wayi gari nishin majinyaci ba ya taɓa mata zuciya. Malamar da ɗalibai ke rububin zuwa ajinta sai ta ga tana daka musu tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Irin wannan mace kan ɗauka halinta ne ya lalace, ta shiga zargin kanta, alhali abin da ya faru shi ne an daɗe ana jan ruwa a rijiya ba a bar ta ta tara ba. Bayanin hukumar ya tsaya a kan wurin aiki, amma ana ganin makamancin wannan hali a wajen matan da ke jinyar iyaye ko rainon yaro mai lalura shekara da shekaru a cikin gida.

Me damuwa ke yi wa jiki idan ta daɗe?

Idan mutum ya firgita, ƙwaƙwalwa kan aika saƙo ga wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke saman ƙoda, su kuma su sako sinadarai guda biyu, adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, sukari ya ƙaru a cikin jini, tsokoki su ɗaure. An halicci jiki haka ne domin mutum ya tsira daga haɗari na ɗan lokaci, sannan komai ya lafa. Matsalar tana farawa ne idan abin da ke firgita mutum ba mai wucewa ba ne, kamar bashi, ko shugaban aiki mai cin mutunci, ko rashin zaman lafiya a gida, domin a lokacin jiki ba ya samun damar komawa yadda yake. Daga nan sai ciwon kai, da ɗaurewar wuya da kafaɗu, da faɗuwar gaba, da zafin ƙirji, da rikicewar al'ada, da mantuwa, da barcin da kan yanke cikin dare ya ƙi dawowa.

Ba abin wasa ba ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoto cewa yin aiki awa 55 ko fiye a mako yana tafiya da ƙarin haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, da kuma ƙarin haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17 cikin ɗari, idan aka kwatanta da masu aikin awa 35 zuwa 40.

Me ya sa ake ware mata a wannan magana, alhali maza ma suna gajiya?

Suna gajiya ƙwarai, kuma su ma suna bukatar kulawa. Amma nauyin da ke kan mata yana da wata siffa ta daban. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa mata ne ke yin fiye da kashi uku cikin huɗu na aikin kula da gida da iyali da ba a biya a duniya baki ɗaya. A ɗauki misalin malamar firamare mai 'ya'ya huɗu. Kafin kiran assalatu ta tashi ta dama koko, ta yi wa yara wanka, ta zuba musu abincin tara, ta nemo takalmin da ya ɓace, sannan ta fita neman adaidaita. A makaranta aji ya cika maƙil, muryarta ta dishe kafin azahar. Ta dawo ta tarar da wanke-wanke da wanki, da tuwon dare, da aikin gida na yara, da surukar da za a kai asibiti gobe. Ranar Asabar akwai biki a dangin miji, ranar Lahadi akwai gaisuwar rasuwa, kuma duk wanda ta ƙi zuwa za a ce ta yanke zumunci.

Bayan wannan akwai aikin da ido ba ya gani, wato riƙe lissafin gida a ka. Ita ce ta san ranar rigakafin jariri, ita ta san gas ya kusa ƙarewa, ita ta san wanda ba a biya wa kuɗin makaranta ba. Ko tana zaune a kan tabarma, kanta bai zauna ba. Sannan ciwon damuwa mai tsanani ya fi yawa a tsakanin mata fiye da maza, kuma lokutan ciki da jego da ɗaukewar al'ada suna zuwa da sauye-sauyen da kan ƙara wa mace rauni.

An sha yi mini maganin maleriya da taifot ban ji sauƙi ba. Ta yaya zan san damuwa ce ko wani ciwo?

Ba a gane wannan da zato, sai an duba. Akwai cututtukan da kan zo da kasala da faɗuwar gaba kamar na damuwa, musamman ƙarancin jini, wanda ya yawaita ga mata masu haihuwa kusa da kusa ko masu zubar jini da yawa lokacin al'ada, sai ciwon sukari, da hawan jini, da matsalar maƙoƙo. Saboda haka yana da kyau a fara da likita, a auna jini, a yi gwajin da ya ga ya dace. Abin da ya kamata ki yi a gabansa shi ne ki faɗi komai, ba ciwon kai kaɗai ba. Ki faɗa masa yadda barcinki yake, da ko kina kuka ba dalili, da ko abubuwan da kike jin daɗinsu a da sun daina burge ki. Yawancin mata jiki kaɗai suke kai ƙara, shi ya sa ake ta rubuta musu allura da ƙarin ruwa ana barin ainihin ciwon.

Idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya kai mako biyu yana nan kusan kullum, kuma ya bi ki har wajen da babu aiki, to mai yiwuwa abin ya wuce gajiya ya zama ciwon damuwa, wanda shi cuta ce da ke da maganinta.

Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba yana nuna na haukace ba ne?

A'a. Mafi yawan masu zuwa waɗannan wurare mutane ne da ke cikin hayyacinsu, suna aikinsu, suna riƙe da gidajensu. Tsoron dai yana da tushe, domin Najeriya ta daɗe tana aiki da dokar mahaukata ta 1958, wadda ta fi mayar da hankali a kan tsare mutum fiye da yi masa magani. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta soke waccan ta kuma tanadi haƙƙoƙin majinyaci. Yana da kyau a san cewa ma'aikatan ba ɗaya ba ne. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne da ke da ikon rubuta magani, masanin halayyar ɗan Adam na asibiti kuwa aikinsa gwaji da tattaunawa, sannan akwai ma'aikatan jinya da jami'an walwala da aka horar a wannan fanni.

Idan na shiga ɗakin, me za a yi mini?

Magana za a yi, amma ba hira ba ce, ba kuma nasiha ba ce. Zama ɗaya kan ɗauki kimanin minti 45 zuwa awa ɗaya, yawanci sau ɗaya a mako. A zaman farko tambayoyi ne suka fi yawa: yaushe abin ya fara, yaya barci da cin abinci, wa ke gidan, wane irin aiki ake yi, wane magani ake sha. Sau da yawa akan cike wata gajeriyar takarda mai tambayoyi tara da ke auna tsananin damuwa, a riƙa maimaita ta daga baya domin a ga ko ana samun ci gaba. Duk tambayar da ba ki shirya amsawa ba, kina da damar cewa a bar ta tukuna.

Daga zama na biyu ake shiga aikin. Ga yadda yakan kasance. Mace ta ce ranar Juma'a ta dawo daga aiki jiri na ɗibarta, sai ƙanwar mijinta ta bugo waya cewa za ta kawo yaranta uku su yi mata kwana biyu, ita kuma ta ce to, Allah ya kawo su, ta ajiye wayar ta fashe da kuka. Ƙwararriyar ba za ta ce mata ta yi haƙuri ba, ba kuma za ta zuga ta a kan dangin miji ba. Sai ta tambaye ta: "Hajiya, a daidai lokacin da kika ce to, me ya zo miki a rai?" Bayan ɗan shiru sai amsa ta fito, cewa idan ta ƙi za a ce ba ta son danginsa, kuma mace ta gari ba ta cewa ta gaji. Sai a tsaya a kan wannan tunanin a auna shi. Shin an taɓa gwadawa aka ga hakan? Shin babu wata hanya tsakanin karɓa da ƙi, kamar a ce a kawo su ranar Lahadi da yini? "Da ƙanwarki ce ta zo miki da wannan labarin, me za ki ce mata?" Wannan tambaya kan buɗe wa mata da yawa ido, domin sai su ga rahamar da suke yi wa kowa sun hana wa kansu.

Kafin a tashi akan yi yarjejeniya a kan abu ɗaya ƙarami da za a gwada kafin mako mai zuwa. Yana iya zama jimla guda da za a faɗa cikin ladabi, wadda aka riga aka gwada faɗinta a ɗakin, ko minti ashirin bayan la'asar da mace za ta keɓe ba waya ba yara, ko rubuta abin da ke hana barci a takarda tun da magariba. Ana kuma koyar da numfashi a hankali, a ja iska ta hanci har ciki ya taso, a sake ta sannu sannu, domin hakan yana rage bugun zuciya. Mafi yawan amfanin yana fitowa ne daga abin da aka aikata a gida tsakanin zama da zama.

Hanya ɗaya ce ake bi, ko akwai iri-iri?

Akwai iri-iri. Wadda aka kwatanta a sama ita ce hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, da ake taƙaita sunanta da CBT, wadda likita Aaron Beck na Amurka ya assasa a shekarun 1960, kuma tana cikin waɗanda aka fi yin bincike a kansu. Akwai wata da ke duba dangantaka, wato rashi, da saɓani, da sauyin matsayi kamar aure ko haihuwa ko saki, da kaɗaici, kuma ta dace da macen da damuwarta ta taso daga zaman gida. Akwai kuma horon natsuwa na mako takwas da Jon Kabat-Zinn ya fara a jihar Massachusetts a 1979. Ba lallai ba ne ki san sunayen kafin ki je, amma kina da haƙƙin tambayar wace hanya za a bi da ke da kuma dalili.

Wannan ba tsarin Turawa ba ne? Yana aiki a wajen mutanenmu?

An gwada shi a ƙasashen da yanayinsu ya yi kama da namu. A Harare ta Zimbabwe, likita Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna koya wa masu damuwa yadda ake warware matsala daki-daki a zama shida, kuma sakamakon gwajin da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi. A karkarar Pakistan ma'aikatan lafiya mata da ke shiga gida-gida sun yi amfani da hanyar gyaran tunani ga masu ciki da masu jego, aka buga sakamakon a 2008, daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi littafin horo. Hukumar tana kuma da wani tsari na zama biyar da aka gwada a kan mata a Nairobi. Abin lura a nan shi ne ba manyan likitoci ne suka gudanar da waɗannan zaman ba, mutanen gari ne da aka horar kuma ake sa musu ido, suna magana da harshen da mace ke tunani da shi.

Ai an ce haƙuri maganin zaman duniya. Addu'a ba ta isa ba?

Babu ƙwararren kirki da zai raba mace da addu'arta, hasali ma da yawa sukan tambayi abin da ke sanyaya mata rai a ibada domin a gina a kansa. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa wa Abdullahi ɗan Amr, wanda ya matsa wa kansa da azumi da tsayuwar dare, cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Idan an faɗi haka a kan ibada, to ina ga wanki da girki da aikin ofis.

A ganina, cutar da ake yi wa mata a nan ita ce mayar da haƙuri ya zama yin shiru. Mace ta kai kukanta gida a ce mata ta yi haƙuri, kowa da haka ta zauna, sai ta koma ta haɗiye, har ranar da za a kwashe ta jininta ya hau. Wadda ta je ta nemi taimako ta koyi yadda za ta faɗi damuwarta ba da faɗa ba, ba ta fita daga haƙuri ba. Ga masu neman ruƙiyya ko addu'ar malamai ko ta coci, abin kiyayewa shi ne kada a yarda da duka, ko ɗauri, ko keɓewa da namiji, ko umarnin a daina shan maganin asibiti.

Sirrina zai fita?

Ƙa'idar aikin ita ce abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 a Najeriya ta wajabta ɓoye bayanan majinyaci. Miji ko uwa ko shugaban aiki ba su da ikon a karanta musu abin da kika faɗa ba da yardarki ba. Inda ake keta wannan shi ne idan rayuwarki ko ta wani tana cikin haɗari, ko kotu ta ba da umarni. Ki tambayi wannan tun ranar farko, kuma idan kin fi sakewa da mace, ki nemi a haɗa ki da mace.

Sai an daɗe ana zuwa?

Ba kasafai ba. Yawancin tsare-tsaren da aka ambata gajeru ne, daga zama biyar ko shida zuwa kamar ashirin. Wadda ke ɗauke da tsohon rauni, kamar cin zarafi ko rashin da bai warke ba, takan bukaci fiye da haka.

Dole ne in sha magani?

Ba dole ba ne. Gajiyar aiki ita kaɗai ba ta da ƙwaya. Amma idan likita ya ga abin ya zama ciwon damuwa mai ƙarfi ko fargaba mai hana sukuni, yana iya rubuta magani irin su fluoxetine ko amitriptyline tare da zaman tattaunawa. Waɗannan ba sa aiki nan take, sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a fara jin bambanci, kuma ba a yanke su rana ɗaya sai da shawarar likita. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa tun kafin a rubuta.

Haɗarin da ya fi kusa da mata shi ne maganin da ake saye a kemis ba takarda. Ƙwayar barci irin su diazepam, da tramadol, da maganin tari mai kodin, duk suna kwantar da hankali na ɗan lokaci, sannan su kama mutum. A 2018 gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, kuma binciken shan ƙwaya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa cikin kowane mutum huɗu masu shan ƙwaya ɗaya mace ce. Wadda ta riga ta saba da ɗaya daga cikinsu ta faɗa wa likita ba tare da jin kunya ba, domin akwai yadda ake janye mutum a hankali, kuma yanke wasunsu kwatsam yana da haɗari.

Idan nauyin da ke kaina bai ragu ba, me magana za ta amfana mini?

Wannan tambaya tana kan gaskiya, kuma ita ce mafi muhimmanci a cikinsu. Ba a yin wannan zama domin a ƙara wa mace juriyar ɗaukar abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Nas ɗin da ke kwana ita kaɗai a ɗaki cike da majinyata, ko ma'aikaciyar da ake riƙe wa albashi, matsalarsu ba a tunaninsu take ba, kuma duk ƙwararren da ya nuna musu cewa laifinsu ne bai yi musu adalci ba. Abin da zaman ke yi shi ne ya taimaka a raba matsalolin gida biyu, waɗanda ke hannun mace da waɗanda ba sa hannunta. Na farkon sukan fi yadda ake zato yawa: aikin da za a iya raba wa yara maza da mata, girkin da za a iya yi sau ɗaya a ci sau biyu, bikin da za a iya aika gudummawa ba sai an je ba, hutun shekara da aka daɗe ba a nema ba, maganar da za a yi da shugaban aiki ko a kai ga ƙungiyar ma'aikata. Na biyun kuwa akan duba yadda za a zauna da su ba tare da sun cinye mutum ba, ko kuma a fara shirin barin wurin a tsanake. Ba a son yanke babban hukunci, kamar ajiye aiki ko neman saki, a lokacin da gajiya ta kai maƙura, sai barci ya daidaita hankali ya dawo.

Idan kuwa akwai duka ko barazana a gidan, to maganar ta tashi daga gajiya ta koma ta tsira da lafiya, kuma da ita za a fara.

Ni miji ne. Me ya kamata in yi?

Malam, abu na farko shi ne ka saurara ba tare da ka yi saurin cewa me ta rasa a gidan ba, domin mace tana iya samun ci da sha da sutura ta kuma kasance a gajiye. Na biyu, ka ɗauke wani aiki gaba ɗaya ya zama naka, kamar kai yara makaranta ko cefane, ba sai ta tuna maka ba. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Annabi yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida. Ka kuma tsaya mata a wajen danginka, domin kalma ɗaya daga bakinka ta fi goma daga nata sauƙin karɓuwa. Ka ba ta izini da kuɗin mota, ka raka ta idan ta so, kada kuma ka matsa mata da tambayar abin da ta faɗa a can. Shigar da iyali cikin jinya ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, domin tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin da majinyata ke zama tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta.

Na haihu, amma ba na jin farin cikin da ake cewa ana ji. Wannan ma gajiya ce?

Kuka da rashin sukuni a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da ya yawaita, kuma yakan wuce da kansa cikin mako biyu. Idan ya zarce haka, ko kin kasa barci ko da jariri ya yi barci, ko kina jin ba ki cancanci zama uwa ba, to a faɗa wa ungozoma ko likita a ranar awo ko rigakafi. Zaman jego a gaban uwa ko wata babba yana sauƙaƙa wa mace ƙwarai, shi ya sa ya kamata a ƙara lura da wadda ta yi jegonta ita kaɗai a wani gari, da kuma lokacin da aka yi arba'in kowa ya watse. Mai jegon da ta rikice, tana surutai ko ganin abin da babu, a kai ta asibiti a ranar.

Ina zan samu wanda zan gani?

Asibitocin koyarwa suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar na Malam Aminu Kano da ke Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, akwai kuma na Dawanau a Kano. A Nijar, babban asibitin ƙasa na Yamai yana da irin wannan sashe. Na gwamnati sun fi na kuɗi sauƙi, ko da yake akwai layi, kuma ƙwararrun ba su da yawa idan aka kwatanta da jama'a. Wadda ke nesa ta fara da babban asibitin da ke kusa ta nemi a tura ta. Ana kuma yin zaman ta waya, wanda ya dace da macen da fita ke yi mata wuya, muddin za ta samu wurin da ba a jin maganarta. Kafin ki biya kowa a intanet, ki tambayi abin da ya karanta da asibitin ko hukumar da ta san da shi, ki kuma guji mai alkawarin warkarwa a zama ɗaya.

Yaushe ne ba za a jira ranar ganin likita ba?

Idan tunanin kashe kai ya zo, ko tunanin cutar da yaro, ko mace ta fara cewa gara ba ta duniya, ko ta daina ci da sha, ko ta yi kwanaki ba barci tana rikicewa, to a tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa nan take, ko a kira lambar gaggawa 112 a Najeriya. Kada a bar ta ita kaɗai, a kuma kawar da magunguna da fiya-fiya da maganin ƙwari daga inda hannunta zai kai. Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta sa masa tunanin, sau da yawa ma ita ke ba shi damar yin magana. Haka nan ciwon ƙirji mai tsanani, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ba a jingina su ga damuwa, asibiti ake nufa.

Na fara zuwa amma ban ga canji ba. In daina?

Kada ki ɓace ba sallama, ki faɗa wa wanda kike gani. Sauƙin yakan fara ne ta ƙananan abubuwa, kamar barci ya ƙaru da awa ɗaya, ko tsawa ga yara ta ragu, ko ki iya cin abinci a zaune, kuma wani lokaci makonnin farko sukan yi nauyi saboda an taɓo abin da aka daɗe da binnewa. Idan an yi zama huɗu zuwa shida babu ko ɗaya daga cikin irin waɗannan, sai a sake duba tsarin, ko a koma wajen likita a sake gwaji, ko a ƙara magani. Idan kuwa kina jin ana raina ki, ko ana yi miki wa'azi maimakon saurare, ko an ƙetare iyakar mutunci, kina da damar neman a sauya miki wani ƙwararren a wannan asibitin ko a wani.